ABU MA'ASHAR AL-BALKHI: ƊALIBIN HADISIN DA YA KOMA MASANIN TAURARI, HAR ILIMINSA YA SHIGA LITTATTAFAN HINDU

 

'Yan uwa, tarihinmu na yau na wani mutum ne da ba kasafai ake jin sunansa a kan mumbari ba, amma malaman duba sun san shi sarai. Akwai wani ɗan littafin Larabci bugun Masar da ake samu wajen masu sayar da littattafan tsibbu, mai ɗauke da sunan Abu Ma'ashar al-Falaki. Da shi ake haɗa sunan mutum da na mahaifiyarsa a yi hisabi, a ce ga burujinsa, ga tauraronsa, ga matar da za ta dace da shi. Da yawa daga masu buɗa littafin nan ba su san cewa mai wannan suna da hadisi ya fara ba. Ba su kuma san cewa irin ilimin da ya tattara ya ƙetare teku ya shiga harshen Sanskirit, harshen littattafan addinin Hindu, inda har gobe ake duba wa mutane shekararsu da shi.

Kafin mu shiga, ɗalibai su kiyaye kada su rikita shi da Abu Ma'ashar Najihu as-Sindi al-Madani, mai ruwayar Magazi, wanda ya rasu a shekara ta 170 bayan Hijira. Wancan daban, wannan daban.

DAGA BALKHU ZUWA BAGADAZA

Sunansa Ja'afar ɗan Muhammad ɗan Umar. An haife shi a shekara ta 171 bayan Hijira, daidai da 787 Miladiyya, a birnin Balkhu na ƙasar Khurasan. A yau kufan birnin yana arewacin Afghanistan, kusa da Mazari Sharif. Balkhu a lokacin mahaɗar fatake ce. Ayarin Indiya da na Sin da na Farisa duk nan suke yada zango. Akwai Majusawa, akwai Yahudu da Nasara, akwai kuma sauran mabiya Buda, domin a nan ne babban wurin bautarsu mai suna Naubahar yake, wanda kakannin Baramika, waziran Haruna Rashid, suka kasance masu kula da shi kafin su musulunta. Yaron da ya tashi a irin wannan gari kunnensa ya saba da labarun al'ummu iri-iri tun yana ƙarami.

Da ya girma sai ya nufi Bagadaza, kamar yadda duk mai neman ilimi yake yi a wannan zamani. Ibnun Nadim a cikin al-Fihrist ya ce gidansa yana ɓangaren yamma, kusa da Ƙofar Khurasan, kuma yana cikin ma'abota hadisi. Ku tuna wane zamani ne wannan. Imam Ahmad ɗan Hanbal yana raye a garin, Yahaya ɗan Ma'in yana raye, majalisun hadisi cike suke da ɗalibai da tawada da alƙaluma.

Sai dai Bagadazan tana da wata fuskar. Tun ranar da Halifa Mansur ya aza harsashinta a shekara ta 145, masana taurari ne suka zaɓa masa sa'ar, cikinsu har da Naubakht da Masha'allah. Bayan kamar shekara goma wata tawaga ta zo fadarsa daga ƙasar Sindu, tare da wani masani ɗauke da littafin lissafin falaki na Sanskirit. Aka mayar da shi Larabci, Larabawa suka kira shi Sindhind, al-Fazari ya gina nasa aikin a kai. Daga nan aka shiga fassara littattafan Girkawa da na Farisawa ba ƙaƙƙautawa. A cikin abin da aka fassara akwai alheri mai yawa: lissafi, likitanci, awon ƙasa. Akwai kuma duba. Duk a buhu ɗaya suka shigo.

RIGIMARSA DA AL-KINDI

A wannan lokaci babban masanin falsafa a Bagadaza shi ne Ya'aƙub ɗan Is'haƙ al-Kindi, wanda ake wa laƙabi da Failasufin Larabawa. Abu Ma'ashar ya sa shi a gaba. Yana sukarsa saboda falsafa, yana kuma zuga gama-garin mutane a kansa. Al-Kindi bai fito ya yi cacar baki da shi ba. Sai ya turo masa wani a ɓoye, wanda ya riƙa ƙawata masa ilimin lissafi da handasa, har ya ji sha'awa ya shiga. Ibnun Nadim ya ce bai kai ƙarshensu ba, sai ya karkata zuwa ilimin hukuncin taurari. Shi ke nan al-Kindi ya huta, domin mai sukarsa ya riga ya shigo gonarsa. An ce shekararsa 47 lokacin da ya fara koyon taurari.

Shekara arba'in da bakwai fa, jama'a. Ba yaro ba ne. A shekarun da mutum yake ganin ya gama kafuwa, a nan ƙafarsa ta zame.

Akwai wata ruwayar da Yaƙut al-Hamawi ya kawo a Mu'ujamul Udaba. Ta ce Abu Ma'ashar ya taso daga Khurasan da niyyar aikin Hajji, sai aka ba shi labarin wani katafaren ɗakin karatu na Aliyu ɗan Yahaya al-Munajjim a wajen Bagadaza, inda ake saukar da masu neman ilimi a ciyar da su kyauta. Ya je ya gani, littattafan suka tafi da hankalinsa, ya zauna, ya fasa Hajjin, ya nutse cikin karatun taurari. Mai ruwayar ya tsananta magana a kansa ƙwarai game da addininsa. Ruwayoyin biyu sun saɓa a kan yadda abin ya fara, amma sun haɗu a kan cewa mutumin ya fito neman wani abu na addini, ya ƙare a wani wajen.

Kuma ku lura, lissafi da handasa ba su ne laifin ba. Da su ake gano alƙibla, da su ake raba gado. Matsalar ita ce ya shiga rigima kan abin da bai karanta ba, don haka ranar da aka buɗe masa littafin bai da ma'aunin da zai rarrabe tsakuwa da shinkafa.

A FADAR HALIFOFI

Allah Ya ba shi kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba mai musu. Cikin 'yan shekaru ya zama shi ne kan gaba a fanninsa a duk daular Abbasiyawa. Masu tarihi sun yabe shi da sanin labarun Farisawa da na al'ummun da suka shuɗe. Sarakuna suka riƙa nemansa kafin su fita yaƙi ko su naɗa waziri.

Ibnu Khallikan ya kawo wani labari da ya shahara a kansa. Wani sarki yana neman ɗaya daga cikin manyan fadawansa don ya hukunta shi, mutumin ya ɓuya. Da yake ya san za a sa Abu Ma'ashar ya duba inda yake, sai ya samo babban daro ya cika shi da jini, ya sa turmin zinariya a tsakiya, ya hau ya zauna na kwanaki. Da aka kira Abu Ma'ashar ya yi lissafinsa sai ya yi shiru cikin ruɗani, ya ce yana ganin mutumin a kan dutsen zinariya a tsakiyar tekun jini, shi kuwa bai san wuri mai wannan siffa a duniya ba. Da sarki ya gaji sai ya yi shelar afuwa, mutumin ya fito ya faɗi dabarar da ya yi. Irin waɗannan labarai su ne jarin masu duba a kowane zamani. Guda ɗaya da ta dace za a yi shekara dubu ana ba da ita, ɗari da suka kuskure kuwa ba mai rubuta su.

Amma cin abincin fada yana da tsada. Halifa Musta'in, wanda ya yi mulki daga 248 zuwa 252, ya sa an yi masa bulala saboda wani abu da ya faɗa kafin ya auku. Shi kansa Abu Ma'ashar ya riƙa kokawa cewa ya dace amma aka hukunta shi. Daga baya ya shiga hidimar Muwaffaƙ, ɗan'uwan Halifa Mu'utamid kuma mai riƙe da ragamar daular, har ya raka shi yaƙin da ya yi da 'yan tawayen Zanj a yankin Basra, tawayen da ya ɗauki shekara goma sha biyar, daga 255 zuwa 270.

ME YA RUBUTA?

Babban littafinsa shi ne al-Madkhal al-Kabir, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 234, mai maƙala takwas. A ciki ya yi ƙoƙarin kafa wa duba hujja da falsafar Aristotal, ya kuma mayar da martani ga masu inkarinsa. Adalci shi ne a faɗa cewa akwai abin da ya lura da shi daidai, kamar alaƙar wata da cikowa da janyewar ruwan teku, bayanin da Turawa suka daɗe suna dogara da shi. A cikin littafin kuma ya kawo siffofin da masanan Indiya suka ba wa kashi-kashin buruji, waɗanda asalinsu ke komawa ga Warahamihira, masanin Indiya na ƙarni na shida Miladiyya.

Na biyu shi ne littafinsa kan addinai da dauloli, wanda aka fi sani da al-Ƙiranat. Ya gina shi a kan haɗuwar Zuhal da Mushtari, wadda ke faruwa kusan duk shekara 20. A wajensa, bayan shekara 240 haɗuwar tana kawo sauyin daula, bayan 960 kuma sauyi mafi girma. Wato dai tashin dauloli, har da bayyanar addinai, ya rataya su a wuyan taurari biyu. A littafinsa al-Uluf ya ɗauki zagayen duniya a matsayin shekara 360,000, ya kuma sanya Ɗufanar Annabi Nuhu, Alaihis Salam, a shekara ta 3102 kafin Miladiyya. Wannan shekara ita ce daidai wadda masana falakin Hindu suke fara ƙirgen zamaninsu na Kaliyuga da ita. Kun ga an ɗauko lissafin Hindu an sa masa rigar Annabi Nuhu. Al-Biruni ya caccake shi a kan wannan a littafinsa al-Asarul Baƙiya.

Na uku, wanda ya fi shafar batunmu, shi ne Tahawilu Sinil Mawalid, wato juyawar shekarun haihuwa. Zan faɗi gwargwadon abin da za a gane zancen kawai. Suna cewa duk shekara akwai lokacin da rana take komawa daidai matsayin da take a ranar da aka haifi mutum. A wannan sa'ar sai su zana taswirar sama sabuwa, su gwama ta da ta ranar haihuwa. Sai su matsar da wata alama buruji ɗaya a kowace shekarar rayuwa, inda ta sauka su kira shi muntaha. Sai su zaɓi tauraro guda su naɗa shi uban shekara. Sai su fitar da wasu wurare ta lissafi da suke kira sahamu: sahamun arziki, na aure, na tafiya, na ciwo, na mutuwa. Daga nan su ce wa mutum bana za ka samu, bana za ka rasa, wata kaza ka kiyayi hanya.

Littattafan nan sun yi tafiya. An fassara al-Madkhal zuwa Latinanci sau biyu, a 1133 da 1140, aka kuma buga shi da injin ɗab'i a Jamus a 1489. Turawa suka kira shi Albumasar. Littafin juyawar shekaru kuwa an mayar da shi Girkanci, daga nan zuwa Latinanci.

YADDA ABIN YA KOMA INDIYA

'Yan uwa, a nan abin mamakin yake. Hindu suna da nasu tsohon ilimin taurari da suke kira Jotisha, suna da manyan littattafai a kansa tun kafin aiko Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam. Amma daga ƙarni na 13 Miladiyya sai wani sabon reshe ya tsiro a cikin Sanskirit, aka kira shi Tajika. Kalmar ta fito ne daga sunan da Farisawa suke kiran Larabawa da shi. Wato su da kansu sun ce wannan ilimin Larabawa ne. Abin da ya fi shahara da shi kuwa shi ne duban shekara-shekara, wanda suke kira Warshafala, ma'ana amfanin da shekara za ta haifar.

Wanda ya fara shahara da rubuta shi shi ne Samarasimha, mutumin Gujarat da ke gaɓar tekun yammacin Indiya, inda jiragen fataken Larabawa da Farisawa suka daɗe suna sauka. Masu bincike da suka gwama nassoshin sun gano cewa tushen Tajika yana komawa ga marubutan Larabci na zamanin Abbasiyawa, irin su Sahalu ɗan Bishir, da al-Kindi, da Abu Ma'ashar. Sunan al-Kindi ma yana nan cikin jerin magabatan da littattafan Tajika suke ambata, sun mayar da shi Khindi. Dubi ikon Allah, mutum biyu da suka yi gaba a Bagadaza, ga su sun haɗu a littafi ɗaya a hannun malaman Hindu.

Duk wanda ya yi Larabci zai gane kalmomin da kansa. Ittisal ta zama ittasala. Insiraf ta zama isarafa. Iƙbal ta zama ikkawala, idbar ta zama induwara. Naƙal ta zama nakta, ƙabul ta zama kambula. Haddi ya zama hadda, sahamu ya zama sahama, muntaha kuwa kusan yadda take aka bar ta. Kamar dai yadda mu Hausawa muka ɗauki alƙalami da alƙali da lahira muka lanƙwasa su da harshenmu.

A shekara ta 1587 Miladiyya, a zamanin Sarki Akbar na daular Mughal, wani Barahmane mai suna Nilakanta ya rubuta Tajika Nilakanti. Kashi ɗaya na littafin ya tattara ƙa'idoji, cikinsu har da yanayi goma sha shida na alaƙar taurari masu sunayen Larabci, ɗaya kashin kuma ya keɓe shi ga hukuncin shekara. Shi ne littafin da ya fi yaɗuwa, har yau ana buga shi ana karantar da shi a Indiya. A 1649 kuma Balabhadra ya rubuta Hayanaratna, ma'ana lu'ulu'un shekara, a ƙarƙashin kulawar Yarima Shah Shuja, ɗan Sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal. Babban kundi ne da ya tattaro maganganun waɗanda suka gabace shi. Tun a farkonsa sai da ya tsaya ya kare kansa, domin a cikin Barahmanawa akwai masu ganin bai halatta ɗansu ya karanta ilimin da ya fito daga baƙi Musulmi ba.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Malaman Hindu suna gardama kan ko ya halatta su karɓi wannan ilimi saboda wai na Musulmi ne, alhali malaman Musulunci sun daɗe da cewa ba namu ba ne. Lissafin Indiya ya zo Bagadaza a zamanin Mansur, aka cakuɗa shi da na Girka da na Farisa, bayan shekara ɗari biyar ya koma gida da rawanin Larabci. A idon mutanen can, abin da aka sani da sunanmu a wannan fanni ke nan. Wannan abin baƙin ciki ne ga duk mai kishin da'awa.

Ba kuma cewa ake karanta ilimin wasu al'ummu laifi ne ba. Al-Biruni ya koyi Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya kammala littafinsa kan Indiya wajajen shekara ta 421, ya bayyana aƙidunsu da lissafinsu da amana, ya yaba abin yabo ya soki abin suka. Shi ma ya rubuta littafi kan taurari, amma bai ɓoye raunin amincewarsa da hukunce-hukuncensu ba.

TO, YA DACE KUWA?

Mu auna da tarihi. Al-Khaɗib ya kawo cewa an yi wa Mansur bushara cewa ba halifan da zai mutu a cikin Bagadaza. A shekara ta 198 aka kashe Halifa Amin a cikinta. A shekara ta 223 masu duba suka gargaɗi Mu'utasim kan fita yaƙin Ammuriyya a wannan lokaci, ya fita, Allah Ya ba shi nasara, Abu Tammam ya yi shahararriyar ƙasidarsa yana musu ba'a. Ibnu Khaldun ya ruwaito a Muƙaddima cewa Abu Ma'ashar ya ƙiyasta wa mulkin Larabawan da Annabi ya fito cikinsu shekara 610, al-Kindi kuma ya ƙiyasta wa addinin 693. Ga mu nan mun wuce 1440, ana kiran salla har a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba.

A shekara ta 582 masu bin ƙa'idar haɗuwar taurari gabas da yamma suka haɗu a kan cewa taurari za su taru a burujin Mizan, guguwa za ta taso ta share duniya. Mutane suka haƙa ramuka suka tara guzuri. Ibnul Asir ya ce da lokacin ya zo ko iskar da manoma za su sheƙe alkama da sha'ir ba a samu ba, har aikin sussuka ya yi jinkiri.

Malamanmu ba su hana kallon sama ba. Sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai ilimin tafiyarsu, wanda da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla da shigowar damina da hanyar matafiyi, wannan halal ne, wani ɓangarensa ma ana buƙatarsa. Akwai kuma ilimin tasiri, wato da'awar cewa matsayin tauraro yana nuna arzikin wane ko ajalin wance, wannan shi ne haramtacce. Bukhari ya kawo daga Ƙatada cewa dalili uku aka halicci taurari dominsu: ado ga sama, jifan shaiɗanu, da alamomin gane hanya. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sanya koyon duban taurari a matsayin ɗebo wani yanki na sihiri. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga tauraro ya kafirce wa Allah, wanda ya jingina shi ga falalar Allah shi ne mumini. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, ya miƙe ya gyara musu nan take. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta rufe ƙofar gaba ɗaya, inda ta kore wa kowace rai sanin abin da za ta aikata gobe. Wanda bai san gobe ba, ina zai san shekara? Mai son faɗaɗawa ya duba Miftahu Daris Sa'ada na Ibnul Ƙayyim, ya yi dogon raddi a kansu da hujjar nassi da ta hankali.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Abu Ma'ashar ya rasu a garin Wasiɗ na Iraƙi, a ƙarshen Ramadan na shekara ta 272, daidai da 886 Miladiyya, ya haura shekara ɗari a ƙirgen wata. Imam Zahabi ya sa shi a Siyar, ya ambaci cewa da muhaddisi ne kafin a yi masa makirci ya shiga taurari, ya lissafa littattafansa ya siffanta su da sambatu. Mu dai ba mu yanke wa kowa hukuncin lahira ba. Ya tafi ga Ubangijin da Ya san abin da ya cika a kai. Abin da ke gabanmu shi ne aikin da ya bari a fili.

Ku gwada shi da tsararrakinsa. Bukhari ya rasu a 256, Muslim a 261, Abu Dawud a 275, Tirmizi a 279. Ƙasa ɗaya ta haife su, yankin Khurasan da maƙwabtanta. Garuruwa ɗaya suka bi, tawada ɗaya suka saya. Dukansu littattafansu sun rayu fiye da shekara dubu, sun shiga harsuna da dama. Na waɗancan ana buɗe su a masallatai ana yi musu addu'a. Na wannan ana buɗe shi a zauren ɗan duba a Banaras, da kuma a wasu zaurukan garuruwanmu, ana gaya wa yarinya cewa taurarinta ba su dace da na wanda take so ba, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba. Hadisin Jarir da ke Sahihu Muslim ya nuna cewa wanda ya buɗe hanya, kyakkyawa ko mummuna, yana da kaso a ladan ko zunubin duk wanda ya bi ta bayansa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu a Facebook da WhatsApp. Abin da ka tura yau ba ka san inda zai kwana ba. Abu Ma'ashar bai taɓa tsammanin wani Barahmane zai riƙa furta muntaha da sahamu bayan shekara ɗari bakwai ba. 'Yar uwa, wannan hoton na buruji da kike turawa rukuni a farkon shekara, wai 'yan watan kaza bana za su yi aure, kina cewa wasa ne, asalinsa wannan ilimin ne, tufafi kawai ya sauya. Ɗan uwa, wannan manhajar da take tambayarka ranar haihuwarka da sa'ar da aka haife ka don ta faɗa maka shekararka, ɗan duba ce a aljihunka. Goge ta. In kana cikin damuwa kan aure ko kasuwa ko tafiya, Annabi ya bar mana istikhara da shawara da addu'a da tawakkali.

Ku kuma matasa masu zafin raddi, ku ɗauki darasi. Mutumin nan ya fara ne a matsayin mai kare Sunna, mai tara jama'a a kan abokin gaba. Zafin kai bai tsare shi ba a ranar da shubuha ta zo masa cikin lallami. Ku zauna gaban malamai ku yi karatu mai tushe kafin ku fita fage, kada kuma ɗayanmu ya amince wa zuciyarsa, domin Manzon Allah da kansa ya yawaita roƙon Allah Ya tabbatar da zuciyarsa a kan addini.

Allah Ya tabbatar da mu, Ya tsare mana tauhidinmu, Ya sa abin da za mu bari bayanmu ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Wallahu a'alam.